Wanda Ya Shafe Muryoyin Burtali

Da hantsin wata Laraba, damina ta yi tsaka, Hadijatu ta kunna kwamfutar Ƙungiyar Sulhun Manoma da Makiyaya da ke Kankia don ta sa wa Modibbo, wakilin Fulani, muryar yayansa marigayi. Ta buɗe ma'ajin, ta ishe shi wayam. Ta buɗe ɗan akwatin ajiya da ke maƙale a gefen kwamfutar, wanda ake juye komai a ciki saboda tsaro, shi ma wayam, sai suna kawai a bakin ƙofa kamar kangon da aka kwashe.

Muryoyi ne suka ɓace. Shekarun baya ƙungiyar ta ɗauki dattawan da suka san ƙasa, manoma da Fulani, aka bi burtalin da ya ratsa ƙasar Yashe da su, ana riƙe musu rikoda, kowa yana faɗin inda hanyar shanu ta bi tun yana yaro: daga wannan kuka zuwa wancan marke, daga marke zuwa mashaya. Yawancinsu yanzu ƙasa ta rufe idonsu. Da waɗannan muryoyi aka shirya zama bayan kaka a sake shata burtalin, don gonaki sun cinye shi har shanu sun rasa wurin sa ƙafa.

Kafin azahar labari ya gama gari, kuma bai tafi shi kaɗai ba, da suna ya tafi. Wa ke zama gaban na'urar? Hadijatu. 'Yar ina ce? 'Yar Yashe. Wa ke da gona a bakin burtali? Yayanta Bishir. A wurin mai shayi har an gama shari'a an yanke hukunci.

Alhaji Babba, shugaban ƙungiyar, ya aika a kira Maharazu.

Maharazu ɗan marigayi Kabo mai bin sawu ne. Mahaifinsa kan dubi ƙasa ya ce ɓarawon nan gurgu ne, ya ɗauki tunkiyar a kafaɗar hagu, kuma a je a same shi haka. Maharazu ya gaji wannan ido, har yanzu akan zo masa da cigiyar jaki ko saniya. Kwamfuta kuwa ba wanda ya koya masa, matattun da ofisoshi suka yar ya riƙa tsinta yana farkewa har suka fara yi masa magana. Shi ya kafa wa ƙungiyar wannan. Cikin muryoyin da suka ɓace har da ta Kabo, kuma ita kaɗai ce muryarsa da ta rage a duniya.

*

Ya ishe ofishin cike. Alhaji Babba na kan kujera yana jan carbi da ƙarfi. Modibbo ya ƙi zama, ya dogara da sandarsa. Hadijatu na tsaye jikin bango, ta ƙanƙame bakin mayafinta. Badaru, sakataren ƙungiya, shi ya tarye shi a ƙofa ya riƙe masa hannu. Badaru maraya ne da Kabo ya riƙe, tabarma ɗaya suka kwana da Maharazu, akushi ɗaya suka sa hannu.

"Sai haƙuri, ɗan'uwa," in ji Badaru a hankali. "Har da ta Baba."

Maharazu ya gyaɗa kai, ya juya ga Hadijatu. "Malama, yaushe kika taɓa ta ƙarshe?"

"Shekaranjiya. Ranar sabunta manhaja ce. Na buɗe baƙin allo, na rubuta umarnin da ka koya mini, ta fara aiki. Da aka kira la'asar Baba Murtala mai gadi ya kashe injin wuta kamar kullum, ni kuma na tafi gidan gwaggona na yi salla. Da na dawo na ishe ta a mace."

"A mace?"

"A mace murus. Da aka tada inji na kunna ta, na sake rubuta umarnin. Ta ce an kammala ajiya, ta ƙarasa aikinta. Na rufe ofis na tafi gida."

Maharazu ya san wannan cuta. Ɗan shirin da ke sabunta manhajar yana da wani mugun hali. Kafin ya taɓa komai, sai ya share tsohuwar ajiya daga akwatin, sannan ya fara juye sabuwa. In ya gama, ya share babban ma'aji, ya sabunta, ya maido da komai daga akwatin. Amma in wuta ta ɗauke yana tsakiyar juyewa, da ya farfaɗo sai ya ga sunan ajiyar a rubuce, ya ɗauka ta cika, ba ya leƙawa. Kamar mutum ne ya ga rumbu a rufe, ya ce ai da hatsi ciki, ya je ya cinna wa na masussuka wuta.

A wannan ofis kuwa wuta ba ta ɗaukewa da ka. Bango ɗaya ya raba shi da masallaci, don haka tun kafuwar ƙungiyar aka yi doka: ladan na buɗe baki, a kashe inji, kada ƙararsa ta hau kan salla. Saboda haka ne Maharazu ya sa babban batir a ƙarƙashin tebur, wanda ke riƙe kwamfutar har a idar.

Ya yi musu wannan bayani a taƙaice. Alhaji Babba ya ce, "To, ke nan batirin ne ya mutu?"

"Sai an gwada, ranka shi daɗe."

Badaru ya ja shi gefe, ya rage murya. "Mi za ka gwada? Ka ce musu na'ura ce ta yi kuskure, kowa shi huta. Yarinyar nan ta sha kunya isasshiya."

"In batirin ya mutu ai ta fita ke nan, da hujja."

Ya kunna kwamfutar, ya leƙa ta taga ya ce wa Baba Murtala mai gadi ya kashe inji. Inji ya yi tari ya yi shiru. Fanka ta tsaya. Allon kwamfutar kuwa ko ƙiftawa bai yi ba. Aka jira. Aka ƙara jira. Batirin lafiyarsa lau.

Modibbo ya buga sandarsa a ƙasa. "To, ga na'ura ta yi rantsuwa. Saura mutum."

"Wallahi a mace na ishe ta," in ji Hadijatu. Ba wanda ya dube ta.

Alhaji Babba ya miƙa hannu. "Ba ni makulli. Ranar Juma'a bayan an sauko kwamiti zai zauna. In ba a samu wata magana ba, zan tsaya gaban jama'a in faɗi wanda ya ci amanarsu, sannan a miƙa ki inda ya dace."

Ta kwance makullin daga bakin zanenta ta ajiye kan tebur, ba a hannunsa ba. Da za ta fita ta dubi Maharazu sau ɗaya. Shi ne ya zo taimako, shi ne kuma ya ɗaure ta.

*

Baba Murtala na zaune kan buhu kusa da injin, yana ɓare goro da farce.

"Baba, shekaranjiya da la'asar, kai ka kashe inji?"

"A'a, aljani ne. Wa ke kashe shi in ba ni ba? Ladan ya ce Allahu, kafin ya ce Akbar na murɗe wuyansa. Ko gwamna ke ciki yana shan fanka sai dai shi yi gumi."

"Akwai baƙon da ya zo ranar?"

Tsohon ya ɗaga kai yana tunani, yana tauna. "Baƙo? Sai wannan mai faɗan, yayan yarinyar. Ya zo da babur, da buhu a baya, yana ta hura hanci kamar an ci bashinsa."

"Ya shiga ciki?"

"Ni dai na zaga bayan gida. Ido biyu Allah ya ba ni, duka kuma a gaba suke."

*

Washegari Maharazu ya hau babur ya nufi Yashe, can ƙasar Kusada. An yi ruwa da asuba, hanya duk taɓo. Ya ishe Bishir a gonarsa ta Yashe yana maimai, gero ya kai masa ƙugu. Bishir bai amsa sallama ba sai da ya kai bakin kunya.

"Kai ne ka gwada batir ka kunyata mini ƙanwa?"

"Ni ne."

"To, ka zo ka ɗaure ni ni ma?"

"Na zo in ji mi ka kai ofis."

"Ɗanyar masara! Ko an hana? Ta fito ta karɓa a bakin ƙofa. Ni da na'urarku ko gaisawa ba mu yi. In ka ajiye ni gabanta ban san ina ne bakinta ba." Ya jefar da fartanya. "Zo ka gani, tunda kai mai ido ne."

Ya kai shi ƙarshen gonar. Daga inda geron ya tsaya zuwa bakin burtali akwai fili mai faɗi da aka bari ciyawa ta cinye.

"Bara na yi faɗa da Fulani, ban musa ba, har na fasa wa wani kai. Amma da na ji dattawa sun ce nan hanya ce, na janye. Ubana ma yana cikin masu maganar. In shafe muryar ubana don in ci mi? In kana neman inda gona ta hau hanya, wuce gaba. Je gabas da kuka."

Maharazu ya bar babur nan ya taka. Sawun shanu ya riƙa karanta masa labari. Da farko a baje suke, garke na tafiya kafaɗa da kafaɗa. Can gaba suka matsu, suka koma layi ɗaya, kofato kan kofato. Da ya kai kukar sai ya ga sun tsaya sun yi dirshan, ƙasa ta dame kamar wurin kokawa, ga alamun sandunan makiyaya inda aka kore su suka karkata yamma cikin ƙaya. Gabas da kukar kuwa dawa ce baƙa ƙirin, ta sha taki, ta zauna daidai tsakiyar hanya.

Ya san gonar. Ya taɓa taya mai ita shuka.

Ya daɗe tsaye. Sannan ya ce wa kansa gona ba hujja ba ce. Mutum nawa ne gonarsu ta ci burtali? Mahaifinsa ya sha faɗa masa cewa mugun mai bin sawu shi ne wanda ya zaɓi ɓarawo tun daga gida. Bai tuna ko tsohon ya taɓa cewa komai ba kan wanda ya ga sawu ya kau da kai.

*

Da ya dawo Kankia ya karɓi makulli wurin Alhaji Babba, ya shiga ofis shi kaɗai. Ya bincike kwamfutar ciki da bai. Duk abin da ya gani ya yi daidai da maganar Hadijatu: an fara juyewa, an katse, an sake farawa. Amma mai niyyar ɓarna ma zai iya katse ta da hannu ya ce wuta ce. Ya yi ƙoƙarin tono muryoyin daga ƙarƙashin sabon abin da aka rubuta a kansu, ya samu gutsattsari marasa amfani: tari, kukan saniya, rabin bismilla.

Ya ture kujera ya sauka ƙasa. A daji haka ake yi in sawu ya ɓace, a kwanta a sa kunci kusa da ƙasa. Ya rarrafa ƙarƙashin tebur. Filogin kwamfutar na cikin batir daram, yadda ya bar shi. Siminti a share. Babu komai.

Yana nan kwance sai ya ji zuuu a kusa da kunnensa. Zanzaro ne, ɗauke da ƙwallon laka a baki. Ya bi shi da ido. Ƙwaron ya sauka kan soket ɗin bango da ke bayan ƙafar tebur, wanda ke zuwa kai tsaye daga inji. Tun da aka sa batir ba a ƙara amfani da wannan soket ba, har zanzaro ya mai da ramukansa gida ya liƙe su da laka. Maharazu ya sha ganin gidan, ya bar shi.

Yanzu gidan a fashe yake. Tsohuwar lakar, fara busasshiya, ta rage a gefe-gefe kawai. A tsakiya zanzaron na ta sabon gini, lakar baƙa ce, da danshinta. A gindin bango, inda tsintsiya ba ta kai, ga ɓarɓashi.

Ya miƙa hannu ya zare filogin daga batir ya kai shi hasken taga. Dukkan haƙoransa da busasshiyar laka.

Ya zauna a ƙasa, filogin a tafinsa. Wani ya cire shi daga batir ya cusa a bango, ya bar ladan da Baba Murtala su ƙarasa masa aiki. Bayan an gama, ya dawo ya mayar. Hadijatu ba ta yi ƙarya ba. Ba za ta iya ƙulla wannan ba ma, domin ba ta san cutar shirin ba. Duk duniya mutum ɗaya ya taɓa yi wa bayaninta dalla-dalla, har da misalin rumbun, ranar da suka ɗauko batirin daga Katsina a bayan mota, suna cin gyaɗa suna dariyar wautar na'ura.

Ya fito wurin mai gadi.

"Baba, jiya na yi maka tambayar banza. Na ce wane baƙo ya zo. Yanzu ina tambaya, wa ya shiga ofishin nan ranar, ko wane ne?"

"Yarinyar mana."

"Sai wa?"

"Sai Sakatare. Da sassafe ya shiga ɗaukar lema, kafin ta iso. Da ta tashi kuma ya dawo ya mayar." Tsohon ya tsaya da tauna. "Amma shi ai ɗan gida ne."

"An yi ruwa ranar?"

Baba Murtala ya dubi sama, ya dubi Maharazu. Ya tofar da goron.

*

Da yamma Badaru ya shigo zauren Maharazu da kwanon fura, kamar yadda ya saba. Suka sha da ludayi ɗaya. Badaru na ta hira, tsadar taki, ciwon ƙafar matarsa, sabon limamin da ke ja wa mutane dogon karatu.

"Na je Yashe yau," in ji Maharazu.

"Ka ga mahaukacin nan Bishir?"

"Na gan shi. Na kuma ga kuka."

Ludayin ya tsaya a hanya, sannan ya ƙarasa baki.

"Gobe zan faɗi abin da na gani, Badaru. Ban iya ganin sawu in ce ban gani ba, ka san wanda ya rene mu. Amma na fi son wani ya riga ni magana. In ya riga ni, zan tsaya kusa da shi, duk abin da za a yi a yi mana tare."

Badaru ya goge baki da bayan hannu. Ya yi murmushi, irin murmushin da Maharazu ya sani tun suna satar mangwaro.

"Allah shi ba ka sa'a, ɗan'uwa. Allah shi tona asirin azzalumi."

Ya ɗauki kwanonsa ya fita.

*

Bayan an sauko Juma'a aka shimfiɗa tabarmi a rumfar ofis. 'Yan kwamiti suka zauna, mutanen gari suka yi zobe a tsaitsaye. Modibbo ya zo da Fulani kaɗan. Bishir ya zo daga Yashe, ya tsaya bayan ƙanwarsa ya harɗe hannu. Badaru na gefen Alhaji Babba, wurin zamansa na kullum.

Maharazu ya sa aka fito da tebur bakin ƙofa inda kowa zai gani. Ya zuba wasu hotunan banza a kwamfutar, ya jona ta da wata waya a wani soket na bango, ya rubuta umarnin a baƙin allo. Tana tsakiyar aiki ya ɗaga wa Baba Murtala hannu. Inji ya mutu, allo ya mutu. Aka tada, ya sake rubuta umarnin. Ta ce an kammala ajiya. Ya buɗe ma'aji, ya buɗe akwati, duka wayam.

"Haka aka yi," in ji shi. Ya nuna musu lakar da ke haƙoran filogi, ya kira dattawa biyu suka durƙusa suka ga ginin zanzaro. "Wanda ya yi wannan bai taɓa allo ba. Ya san dokarmu ta kashe inji, ya jingina ɓarnarsa da kiran salla. Ya bar Hadijatu ta rubuta umarni da hannunta, ya bar Baba Murtala ya murɗe makunni da nasa. Kowa ya yi aikinsa na gaskiya, shi kuma ya kwashi amfanin."

"La'ilaha illallahu," in ji Baba Murtala. "Da hannuna?"

"Wane ne?" in ji Alhaji Babba.

"Sai wanda ya san cutar na'urar, ranka shi daɗe. Ni na sani. Na kuma gaya wa mutum ɗaya."

Ya ba da lokaci, har shirun ya yi nauyi, har wani ya yi gyaran murya a baya. Bai dubi kowa ba, tabarma yake kallo. A ransa yana roƙo: tashi, ɗan'uwa, tashi da kanka. Badaru ya gyara zaman hularsa, ya duba agogo.

"Badaru," in ji Maharazu. Sunan ya fito masa kamar ƙaya. "Ina lemar da ka ɗauka ranar da ba hadari?"

Wuri ya kaure. Bishir ya zabura, mutane suka riƙe shi. Alhaji Babba ya juya ya dubi sakatarensa kamar yau ya fara ganinsa. Badaru ya buɗe baki zai yi rantsuwa, ya haɗa ido da Maharazu, ya fasa.

"To, ni ne," ya ce. Ya miƙe, muryarsa na hawa. "Ni ne! Ku tambaye shi wa ya riƙe wa Baba Kabo rikoda ranar da aka bi burtali. Ni! Ina riƙe da ita a bakinsa, ya tsaya gindin kuka ya nuna gonata da sanda ya ce, duk wannan hanyar shanu ce. Gonar da ubana ya mutu ya bar mini, ita kaɗai. Ko kallona bai yi ba. Da gonar ɗansa na cikinsa ce, zai faɗi haka?"

"Zai faɗa," in ji Maharazu.

"Kai ka sani! Kai ba ka taɓa cin tuwon riƙo ba."

Wannan ta soki Maharazu fiye da komai. Shekara da shekaru suna cin abinci a akushi ɗaya, ashe ɗayansu ƙirga loma yake.

"Ni ban nufi yarinyar nan da sharri ba," in ji Badaru, ya sassauto. "Cewa na yi za a ce na'ura ce. Na ma ce maka kada ka gwada."

Maharazu ya ce, "Da ka bar filogin a bango, da an ce kuskure ne, wani ya jona ba daidai ba. Amma ka ji tsoron a tambayi wa ya jona. Ka dawo ka mayar, ka share sawunka, ya rage saura nata. Aka karɓe mata makulli kana zaune. Aka yi da ita a bakin mai shayi kana ji. Jiya na ba ka ƙofa, ka sha furarka ka yi mini addu'a."

Modibbo ya matso, ya dogara da sanda. Bai ɗaga murya ba. "Yaro, da ka zo ka ce gonarka ke nan ita kaɗai, da an zauna. Shanu na iya kewaya gona ɗaya, mun sha yi. Yanzu wa zai gaya mana inda za su kewaya? Ka sake binne mutanen da aka riga aka binne." Ya juya ga Maharazu. "Ba a iya tono su?"

"Na gwada, Modibbo. Tari kawai na samu. Ban ma san na wane ne ba."

Dattawa biyu suka kama hannun Badaru suka shiga da shi ciki, don idon Bishir bai yi kyau ba. Badaru bai waiwayo ba.

*

Alhaji Babba ya tashi da kansa, ya ɗauki makulli ya je har gaban Hadijatu. Ya ɗaga murya yadda na baya za su ji.

"Jama'a ku shaida, yarinyar nan ba ta da laifi. Mun zalunce ta. 'Yata, ki yafe mana."

Ta dubi makullin, ta dubi zoben mutanen. Waɗanda suka yanke mata hukunci ranar Laraba su ne yanzu ke cewa ai dama sun san ba za ta aikata ba.

"Zan karɓa, Alhaji," ta ce, "don in na ƙi, gobe za a ce da wani abu. Yafiya kuwa sai na huta tukuna."

Ta ɗaure shi a bakin zane. Jama'a suka fara watsewa, kowa na neman takalminsa. Maharazu na naɗe wayoyi a bakin tebur, sai ya ga inuwarta a kansa.

"Malam Maharazu, na gode."

"Ba komai, Malama."

"Tambaya ɗaya gare ni. Tun yaushe ka san na'urar nan na da wannan cuta?"

"Tun kafin a sa batir."

"Ni ke zama gabanta kullum. Ni ke rubuta umarnin. Da na san haka take, da na ishe ta a mace ba zan sake rubuta komai ba, sai in rufe in aika a kira ka, da yanzu muryar babanka na nan, da ta nawa." Ta gyara mayafinta. "Ka koya mini abin da zan rubuta, ba ka gaya mini abin da zan ji tsoro ba. Shi ka gaya wa. Don mi?"

Maharazu ya nemi amsa. Ya iya karanta ƙasa bayan ruwa, ya iya karanta laka a haƙorin filogi. Ya duba cikin kansa, ya ga amsar a fili kamar sawun raƙumi: bai taɓa ganin ta kai a yi mata bayani ba. Ya kuma ga ba ta faɗuwa.

Ta ɗan jira. Sannan ta kulle ofishin, ta bi bayan yayanta.